Masu bautar Zeus a ƙarni na 21: addinin gari da ya koma addinin ɗaki

Kafin kowace gasar Olamfik sai an je wani kufai a kudancin Girka mai suna Olimpiya an kunna wutar gasar, a gaban rusasshen haikalin Hera, ɗaya daga cikin allolin tsohuwar Girka. Wata mata cikin doguwar riga irin ta mutanen da takan ɗaga hannu ta kira Apollo, wanda Girkawan da suke dangantawa da haske, ta roƙe shi ya aiko da haskensa, sannan ta sa sandar wuta a tsakiyar wani madubi mai siffar kwano har zafin rana ya kunna ta. Manyan ƙasa na zaune, gidajen talabijin na ɗauka. Tun gasar Balin ta 1936 ake yin haka kuma hukuma ce ke shiryawa, don kowa ya san matar 'yar wasan kwaikwayo ce, ba a ɗauka tana nufin abin da take faɗa ba.

A Janairun 2007 wasu 'yan tsirarun mutane na wata ƙungiya mai suna Ellinais suka shiga harabar haikalin Zeus, shugaban allolin tsohuwar Girka, da ke tsakiyar Atina, babban birnin ƙasar, inda ginshiƙai 15 suka rage a tsaye cikin 104 da aka kafa. Fararen kaya suka sa, suka rera waƙoƙin yabo, suka saki kurciyoyi. Ma'aikatar al'adu ta hana su tun kafin su zo, sun yi gaban kansu ne. Wani babba a cikin limaman Cocin Otodoks ya kira su masu ƙoƙarin tayar da mataccen addini. Abin da suka yi kusan shi ne abin da ake yi a Olimpiya ana tafi. Laifinsu dai shi ne su da gaske suke.

Ga Musulmi ko Kirista, hukuncin wannan bauta ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda addinin da aka rufe ƙofofinsa shekara fiye da 1,600 ya samu masu cewa sun dawo da shi, da kuma tambayar ko abin da suka dawo da shi ɗin shi ne wanda aka rufe.

Ƙungiya mafi ƙarfi a Girka ita ce wadda ake taƙaita sunanta da YSEE, majalisar ƙoli ta Girkawa masu bin addinin kakanni, wadda aka kafa a 1997. Fitaccen jagoranta shi ne marubuci Vlassis Rassias, wanda ya mutu a 2019. Akwai Labrys a Atina, wadda ta fi mayar da hankali kan ibadar cikin gida. Akwai kuma bikin Prometheia da ake yi duk shekara a gindin dutsen Olimpos tun tsakiyar shekarun 1990, inda ake gudu da sandunan wuta, a ɗaura aure, wasu su ajiye sunayen da aka yi musu baftisma da su su ɗauki na mutanen da. Yawansu kuwa abin gardama ne, domin Girka ta daina tambayar addini a ƙidayar jama'a bayan ta 1951. Rahotannin ma'aikatar harkokin wajen Amurka sun taɓa ambaton kimanin mutum 2,000, shugabannin ƙungiyoyin kuma kan ce 100,000 ko fiye. Ko wanne ka ɗauka, a ƙasa mai mutum kusan miliyan 10 ba su da yawa.

Addinin bai mutu dare ɗaya ba, kuma ba da kansa ya mutu ba. A 380 Sarki Teodosiyus ya ayyana Kiristanci addinin daular Rum. A 382 Sarki Giratiyan ya cire bagaden allar nasara daga zauren majalisar dattawan Roma, ya yanke kuɗin da baitulmali ke bai wa haikalai. Wani dattijo mai suna Simmakus ya kai koke a 384, yana cewa gaskiya mai girma irin wannan ba a isa gare ta ta hanya ɗaya tak, amma Ambrose, bishop ɗin Milan, ya fi shi faɗa a fada. An rushe babban haikalin Serapis na Iskandariya a wajen 391. Sai dokar Nuwamban 392, wadda ta bi mutane har cikin ɗakunansu: ta haramta kunna wuta ga allolin gida, da zuba musu ruwan inabi, da ƙona musu turare. A 529 Sarki Jastiniyan ya sa aka rufe makarantar falsafa ta Atina. Gine-ginen ma sun canza hannu. Pantiyon na Roma ya zama coci a 609. Partenon na Atina ya zama cocin Maryamu, ya zama masallaci a zamanin Usmaniyya, sannan albarushin da aka ajiye a ciki ya tarwatsa shi a 1687 lokacin da mayaƙan Benis suka yi masa luguden wuta.

An samu saura a lungu-lungu. Wani sarkin Rumawan gabas ya rubuta cewa mutanen Mani, a can ƙarshen kudancin Girka, ba su karɓi Kiristanci ba sai a ƙarni na 9. A ƙarni na 15 wani malamin falsafa mai suna Pleton, da ke zaune a Mistras, ya rubuta tsarin addini sukutum da addu'o'i ga Zeus da kalandar bukukuwa. Bayan mutuwarsa littafin ya faɗa hannun Gennadiyos, shugaban cocin Kustantiniya na farko a ƙarƙashin Turkawa, ya ƙone mafi yawansa. Amma waɗannan ɗigo-ɗigo ne. Babu wata silsila ta uba ya koya wa ɗa da ta ratso daga zamanin Teodosiyus zuwa yau. Bamaguje a ƙasar Kano ko Katsina da ya riƙe al'adar gidansu, a hannun kakansa ya ga yadda ake yi, bai taɓa buƙatar littafi ba. Mai bautar Zeus na yau iyayensa da kakanninsa arba'in 'yan coci ne, kuma a ɗakin karatu ya gano addininsa. Wasu 'yan YSEE kan ce al'adar ta ci gaba a ɓoye cikin wasu iyalai, sai dai masana tarihi ba su ga hujjar da za ta ɗauki wannan magana ba.

To me aka rasa? Nan ne zancen yake da nauyi, domin abin da Girkawa da Rumawa suke yi ba ya shiga ma'aunin da muka saba auna addini da shi. Ba su da littafi saukakke, ba su da kalmar shiga, ba su da ajin malamai masu koyar da aƙida. Waƙoƙin Homa da Hesiyod sun ba da labarin alloli, amma ba wanda aka tilasta wa ya gaskata su. Abin da ake nema wurin mutum shi ne aiki: a yi yanka a ranar da aka saba, ga abin bautar da aka saba, ta yadda aka saba. Kuma gari ne ke yi. Kowane birni da kalandarsa da allolin da ya fi girmamawa. An tono wani allon dutse na ƙauyen Erkiya, kusa da Atina, daga ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka jera a kansa ranar kowane yanka, da wanda ake yi wa, da dabbar, da farashinta: tunkiya dirakma 10, ɗan alade dirakma 3. Ya fi kama da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma fiye da littafin addu'a. Mai hidimar haikali ma'aikacin gari ne. Wani da ƙuri'a ake zaɓarsa, wani gado yake yi, a wasu biranen gaɓar Asiya Ƙarama kuwa sayar da muƙamin ake yi ga mai kuɗi.

A babban bikin Atena, allar da ke tsaron Atina, dukan birnin ke fitowa, a hau da sabuwar rigar da aka saƙa wa gunkinta, a yanka shanu da yawa da kuɗin hukuma, a ƙona ƙashi da kitse a kan bagade, a raba naman ga 'yan gari. Talaka da yawa a irin wannan rana yake ganin naman sa. A Roma abin ya fi haka haɗewa da mulki. Ba a zaman zaɓe ko fita yaƙi sai an duba tashin tsuntsaye. 'Yan mata shida ke tsaron wutar Besta, allar murhu, kowacce shekara 30, bisa imanin cewa mutuwar wutar barazana ce ga birnin. Tun daga Agustus a shekara ta 12 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki da kansa ne babban limamin daula. Ƙin yin yanka kuwa tawaye ne ga gari, shi ya sa a shekara ta 250 Sarki Desiyus ya wajabta wa kowa yanka da karɓar takardar shaida, kuma shi ya sa tuhumar da aka kashe Sokiratis a kanta a 399 kafin haihuwar Annabi Isa ta haɗa da rashin girmama allolin birni.

Addini irin wannan idan baitulmali ya janye hannunsa sai ya durƙushe. Sarki Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin mayar da tsohon addini tsakanin 361 da 363, ya gani da idonsa. Ya je bikin Apollo a Dafni, kusa da Antakiya, yana tsammanin garken shanu da dandazon jama'a, sai ya tarar da liman guda ɗaya riƙe da dinya da ya kawo daga gidansa. Maganin da ya nema kuwa shi ne kwaikwayon abokan hamayyarsa. Ya rubuta wa babban limamin Galatiya cewa a gina masaukan baƙi, a ciyar da matalauta, limamai su daina zuwa mashaya, domin Kiristoci suna ciyar da mabuƙatansu har da na masu bautar alloli. Tun a lokacin, wanda ya so ceto addinin sai da ya yi masa siffar coci. An kashe shi a yaƙin Farisa kafin ya cika shekara biyu a kan mulki.

Masu bautar yau ba su da birni, ba su da baitulmali, haikalan kuma na hannun hukumar kayan tarihi, da tikiti ake shiga. Abin da ya rage musu shi ne ainihin abin da dokar 392 ta hana a ƙarshe, wato ibadar gida. Mutum ya keɓe wani kanta ko ɗan teburi a ɗakinsa, ya ajiye fitila da kaskon turare da ƙaramin gunki. Ya wanke hannu da ruwan tsarki, ya fara da kiran Hestiya, mai murhun gida, wadda ake buɗewa da ita a rufe da ita. Ya zuba ruwan inabi ko zuma ko madara ko man zaitun, ya karanta tsohuwar waƙar yabo. Mafi yawansu kalandar tsohuwar Atina suke bi, wadda watanta ke kamawa da fitowar jinjirin wata: ranar farko ta allolin gida ce, daren ƙarshen wata kuma a share gida a ajiye wa Hekate abinci. Masu bin tafarkin Rumawa suna da nasu ɗan wurin ga allolin gida da ake kira Lares da Penates. Su da Janus suke farawa su rufe da Besta, kuma mai ibada yakan rufe kansa da gefen mayafinsa. A wannan fage, gaskiya, suna kusa da asali, don rubuce-rubucen da da gidajen da aka tono a Pompeyi sun nuna yadda ake yi dalla-dalla.

Amma yanka, wanda shi ne zuciyar tsohon addinin, kusan dukansu sun bar shi. Hatsi da 'ya'yan itace da waina da turare suke miƙawa. Suna da hujja daga cikin gida: mabiya Fitagoras sun ƙi zubar da jini, Porfiriyos ma ya rubuta dogon bayani a kan haka a ƙarni na 3. Sai dai waɗannan ra'ayin tsiraru ne a zamaninsu, kuma ainihin dalilin a ganina ya fi kusa: ɗan birnin Turai na yau bai taɓa riƙe wuƙa a wuyan dabba ba, dokokin yanka sun yi tsauri, kuma ƙungiyar da ke neman karɓuwa ba za ta so hotonta da jini a jarida ba. Abin dariyar shi ne a Girka har yau ana yanka sa a bikin addini, amma Kiristoci ke yi. A tsibirin Lesbos mutanen Agiya Paraskebi kan yi wa bijimi ado da furanni su yanka shi don bikin Waliyyi Haralambos, a dafa naman da alkama a raba wa jama'a. Bagirken shekara 2,400 da suka wuce da zai farka, nan zai gane hanya, ba ɗakin da ake karanta waƙa a zuba zuma ba.

Wasu abubuwan kuwa ko an so ba su dawowa. Asirin Elusis, ɓoyayyen bikin ibada na wani gari kusa da Atina, wanda aka yi ƙarnuka ana shigar da mutane cikinsa, an tsare shi da hukuncin kisa ga mai tonawa, har aka rushe wurin a 396 ba a rubuta abin da ake nunawa a ciki ba. Mai duba ta Delfi ta yi shiru. Inda littafi ya tsaya, sai mai ibada ya cike da abin da ya ji a ransa ko ya gani a mafarki, kuma wannan shi ne babban abin da ke raba kawunansu: masu cewa kada a yi abin da ba shi da madogara a rubutun da, da masu cewa allolin suna raye, suna iya neman sabon abu.

Sai maganar doka, inda abin da ya samu Juliyan ya sake maimaituwa. Sashe na 3 na kundin tsarin mulkin Girka ya ce Cocin Otodoks ne addini mai rinjaye, kuma gwamnati ce ke biyan limamansa albashi. Sashe na 13 ya ba da 'yancin ibada ga abin da ya kira sanannen addini, wanda kotuna suka fassara da addinin da ba shi da ɓoyayyar koyarwa ko ɓoyayyar ibada. Da wannan ma'auni asirin Elusis kansa ba zai samu rajista ba. Jan mutum zuwa wani addini laifi ne tun wata doka ta 1938, zamanin mulkin Metaksas, kuma a kanta ne kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta samu Girka da laifi a 1993 a shari'ar wani mai bin Shaidun Jehobah, Kokkinakis. Sai a 2000 aka cire gurbin addini daga katin shaidar ɗan ƙasa, shi ma sai da Akbishop Kiristodulos, shugaban Cocin Girka, ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan 3 don adawa da matakin. A 2006 wata kotu a Atina ta amince da rajistar ƙungiyar masu bautar tsoffin alloli. A 2014 aka yi dokar da ta tsara yadda ƙungiyar addini za ta samu matsayi, wadda ke neman mutum 300 da jagoran ibada da rubutacciyar aƙida. A 2017 YSEE ta samu lasisin wurin ibada daga ma'aikatar ilimi da harkokin addini, wanda ya shigar da ita sahun sanannun addinai, ta samu damar ɗaura aure da raɗa suna a hukumance.

Nasara ce, babu shakka. Amma duba abin da aka biya. Addinin da ba shi da aƙida a rubuce ya rubuta aƙida. Wanda ba shi da ajin limamai ya horar da limamai ya ba su shaida. Wanda ake haihuwar mutum a cikinsa saboda garinsu ya zama wanda ake shiga bayan karatu da gamsuwar zuciya, wani lokaci a ɓoye wa iyaye. Wannan siffa ta tuba da zaɓi da riƙon imani a cikin tsiraru, ita ce siffar Kiristocin farko da masu tsohon addinin suke jefa wa zakuna. Ban faɗi haka don izgili ba. Duk wanda zai yi addini a ƙasar Turai ta yau, a wannan mazubi doka za ta zuba shi.

Me ya sa Cocin Girka ke jin zafin ƙungiyar da ba ta kai cikin cokali ba? Saboda gardamar ta wuce ibada, ta taɓa tambayar wane ne Bagirke. Shekaru aru-aru a daular Rumawan gabas sunan Helen ya koma nufin mai bautar gumaka, mutanen kuma Rumawa suke kiran kansu. Da aka yi yaƙin 'yanci daga Turkawa a 1821, Turawan yamma sun taimaka ne don suna ganin jikokin Aflaton da Perikilis suke ceto. Sabuwar ƙasar ta ɗauki tsohon sunan, aka mayar da babban birni Atina a 1834, aka share masallaci da gidajen Turkawa da hasumiyar da Turawan yamma suka gina daga kan Akropolis, tudun da Partenon yake kai, don a bar farin marmara kaɗai. Marubutan tarihi na ƙarni na 19 suka ɗinke ɓarakar da cewa wayewa ɗaya ce ta gudano daga tsohuwar Girka ta bi ta Kustantiniya ta iso yau. Sojojin da suka yi mulki daga 1967 zuwa 1974 suka mayar da wannan take: Girka ta Girkawa Kiristoci. Yaro a makaranta da safe ya koyi cewa kakanninsa da suka gina Partenon su ne hasken duniya, da rana ya koyi cewa ɓatattu ne. Masu bautar Zeus zaren wannan ɗinki suke ja. Cewa suke coci bai gaji tsohuwar Girka ba, rusa ta ya yi. Shi ya sa za ka ji jawabinsu ya fi cika da lissafin haikalan da aka rushe fiye da yabon Zeus.

Ita kuma hukumar kayan tarihi nata dalilin daban ne, kuma ina ganin yana da ƙarfi. Duwatsun sun tsufa, wuta da turare da taron jama'a na cinye su, kuma in an buɗe wa ƙungiya ɗaya an buɗe wa kowa. Sai dai hujjar tana raunana duk lokacin da aka ba da wurin don wasan kwaikwayo ko bikin gwamnati. Da suka ga haka wasu suka koma gina nasu. An yi wani ƙaramin haikali a filin wani mutum kusa da Tasalonika, a Maris ɗin 2025 kuma aka buɗe wani na Pan a tsaunukan Arkadiya, ana ta ja-in-ja da hukuma a kan izinin ginin.

A Italiya tarihin ya ɗauko wani kaya mai nauyi. A shekarun 1920 mutane irin su Arturo Reghini da Julius Evola sun yi fatan Musolini zai jingine Cocin Katolika ya mayar da ruhin tsohuwar Rum. Musolini ya ɗauki gaggafa da damin sanduna, alamun mulkin tsohuwar Rum, ya mayar da 21 ga Afrilu, ranar da ake cewa an kafa Roma a 753 kafin haihuwar Annabi Isa, ranar hutu, sannan a 1929 ya sa hannu a yarjejeniyar Lateran da Fafaroma ya bar su da hamma. Bayan yaƙi tunanin Evola ya ci gaba da yawo a cikin masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙabila, kuma wasu ƙungiyoyin bautar allolin Rum daga wannan kewaye suka tsiro. Na yanzu, irin su Movimento Tradizionale Romano da ta fito a shekarun 1980 da Pietas wadda ta gina ƙananan haikalai a Roma da wasu garuruwa, suna gabatar da kansu a matsayin ƙungiyoyin ibada da nazari. A Girka ma jam'iyyar Golden Dawn, wadda kotu ta ayyana ƙungiyar masu laifi a 2020, ta yi wasa da tsoffin alloli a mujallunta na farko kafin ta lulluɓa da rigar coci don neman ƙuri'a. YSEE ta nisanta kanta da ita. Duk da haka, addinin da ya kafu a kan kalmar kakanni kullum yana da ƙofar da mai wariyar jini zai iya shigowa ta ciki.

Tarihi kuwa bai goyi bayan mai wariyar ba. An tono kalaman hikima na Delfi a sassaƙe a Ai Khanum, a arewacin Afganistan. Haikalin Zeus da ke Sairin a Libiya ya fi Partenon girma. Iskandar ya ratsa hamada zuwa Siwa a Masar a 331 kafin haihuwar Annabi Isa don ya gana da Amun, wanda Girkawa suka ɗauka Zeus ne da wani suna. Elusis tana karɓar mace da bawa da baƙo muddin yana jin Girkanci kuma bai zubar da jini ba. Rumawa ma in sun kewaye birni sukan roƙi allolinsa su sauya sheƙa su koma Roma.

Wannan ya kawo mu ga inda yawan yake a yau, wato wajen Girka da Italiya. A 1998 aka kafa Nova Roma a Amurka, wadda mambobinta ke ɗaukar sunayen Rumawa, su zaɓi shugabanni biyu duk shekara kamar tsohuwar jamhuriya, har da majalisar limamai, kusan duk ta intanet. Akwai Hellenion ga masu bin tafarkin Girka. Bayansu sai ambaliyar matasa a TikTok da Reddit, waɗanda suka fara sanin allolin ta littattafan yara da wasannin kwamfuta. Su yadda suke magana daban ne. Yarinya za ta ce Afrodita ce ta zaɓe ta, tana taimaka mata ta so kanta, ko ta tambayi jama'a ko lanƙwasar harshen kyandir na nufin Apollo ya yi fushi. Wannan dangantaka ta aboki da mai lallashi ta fi kusa da wa'azin cocin da suka baro fiye da tunanin mutumin Erkiya, wanda hulɗarsa da abin bautarsa ba ta wuce na ba ka, ka ba ni ba. Girkawan YSEE sukan dube su a matsayin masu wasa da gadon wasu, su kuma su ce alloli ba su da fasfo.

Akwai tambayar da duk mai karatu zai yi: ya mutum mai ilimi zai bauta wa Zeus da labarinsa ya cika da fyaɗe da yaudara? Tambayar ta girmi Kiristanci. Zenofanis ya zargi mawaƙa da ɗora wa alloli sata da zina, Aflaton ya ce a kori irin waɗannan labarai daga tarbiyyar yara. Sallustiyos, abokin Juliyan, ya ce labaran ba tarihin abin da ya taɓa faruwa ba ne, misalai ne na abin da yake kullum. Nan akasarin masu ilimin cikinsu suka tsaya: allolin madawwaman ƙarfi ne na tsarin halitta, duniya ba a yi ta daga babu ba, gunki kuma alama ce. Wasu har suna cewa dukansu daga asali ɗaya suke ɓuɓɓugowa. Wannan falsafar ƙarshen zamanin Rum ce, ta 'yan makaranta, ba addinin manomin da ke kai ɗan alade ba. Don haka ko a cikin tsohon zamanin ma zaɓe suka yi: ƙarnuka fiye da 10 da ɗaruruwan birane ne a gabansu, kowa ya tsinci abin da zai iya ɗauka.

Ko abin zai ɗore, a wurin 'ya'ya za a gani. Akwai misali a arewacin Turai: Aislan ta amince da masu bautar tsoffin allolinta tun 1973, kuma yanzu akwai waɗanda aka haifa a ciki suka haifi nasu. Lituweniya ta ba Romuva cikakkiyar amincewa a ƙarshen 2024, bayan kotun Turai ta same ta da laifin nuna bambanci a 2021. A Girka yawancin masu wannan bauta har yanzu mutanen da aka yi wa baftisma ne suna jarirai, kuma gidajensu a rabe suke: uba na zuba wa Hestiya zuma, kaka na kai jika coci a ɓoye ko a sarari. Yaron yana zuwa makarantar da ake fara rana da addu'ar Otodoks, ana koyar da darasin addini bisa koyarwar cocin. Har zuwa 2019 iyayen da suke so a cire ɗansu daga darasin sai sun rubuta takardar shaida cewa yaron ba ɗan Otodoks ba ne, shugaban makaranta ya duba ya ajiye a fayil, abin da a ƙaramin gari ke nufin kowa ya sani. A Oktoban shekarar kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, a shari'ar Papageorgiou, ta yanke cewa hukuma ba ta da hurumin tilasta wa iyaye bayyana abin da suka yi imani da shi kafin a saurare su.